Jemagun Holiwud da Mutanen da ke Bayansu

A watan Disamba na 1940, wani ƙaramin kamfanin shirya finafinai a Holiwud mai suna PRC ya saki fim ɗin The Devil Bat, wato shaiɗanin jemage. PRC na cikin kamfanonin da 'yan masana'antar suka yi wa laƙabi da Layin Talauci, masu ɗaukar fim sukutum cikin mako guda da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abu ɗaya mai daraja suka samu a wannan fim, shi ne Bela Lugosi, ɗan asalin Hangari da ya fito a Dirakula shekara 9 kafin nan. A lokacin tauraruwarsa ta fara dusashewa, duk aikin da aka miƙo masa karɓa yake yi.

Lugosi ya fito a Dakta Paul Carruthers, mai haɗa turaruka da mayukan shafawa a wani gari da ake kira Heathville. Mutanen gari suna yi masa kallon dattijon kirki, shi kuwa zuciyarsa cike take da ƙullaci. Da basirarsa iyalai biyu masu kamfanin suka yi arziki, amma tun farko ya zaɓi a biya shi a hannu maimakon ya karɓi hannun jari, sai ya wayi gari yana kallon dukiyar da ya yi sanadi a gidajen wasu. Yana da wani ɗaki na sirri inda yake rataye jemage ya yi ta sakar masa wutar lantarki har ya zama ƙato. Ya kuma horar da shi ya tsani wani ƙamshi. Sai ya zuba ƙamshin nan a cikin man da maza ke shafawa bayan gyaran fuska, ya riƙa ba 'ya'yan iyalan nan su gwada, yana nuna musu su shafa a wuya, inda fata ta fi laushi. In saurayi ya ce masa sai da safe, shi kuma ya amsa da sallamar da ba a sake haɗuwa bayanta. Dare na yi ya buɗe taga. A ƙarshe wani ɗan jarida ya watsa wa likitan man nasa a jiki, jemagen ya yi abin da aka koya masa.

Wanda ya kalli fim ɗin da idon basira zai ga jemagen ba shi da ko sisin laifi a labarin. Makami ne kawai, mai laifin yana sanye da farar riga. Zai kuma ga cewa jemagu biyu ake nuna masa: idan an zo kusa, fuskar jemage mai cin 'ya'yan itatuwa ce ta gaske, mai manyan idanu, wanda ko kaza bai taɓa kashewa ba, idan an ja baya, wani abu ne da aka ɗinka ake ja da waya. Waɗannan abubuwa biyu, mutum a bayan jemage da jemagen bogi a gaban kyamara, su ne suka bi irin wannan fim har yau. Fiye da shekara 80 ke nan Holiwud tana neman jemagen da zai iya zama bos shi kaɗai, ba ta samu ba.

Dalili na farko yana wajen halittar kanta. Akwai nau'in jemagu fiye da 1,400 a duniya, kuma 3 kacal ne ke rayuwa da jini. Dukansu a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa Ajantina. Babu su a Turai, babu su a Asiya, babu su a Afirka. Jemagun da ke cika bishiyoyi a garuruwanmu da waɗanda ke damun mutane da wari a cikin silin, 'ya'yan itatuwa da ƙwari suke ci. Daga cikin ukun nan ma, biyu sun fi son jinin tsuntsaye. Wanda ya fi yawa, mai bin shanu da dawakai, nauyinsa giram 30 zuwa 40 ne, ƙwan kaza ya fi shi nauyi. Ba ya faɗo wa dabba daga sama. Yakan sauka a ƙasa kusa da ita tana barci, ya rarrafo a hankali, ya nemi inda jijiya take kusa da fata da taimakon hancinsa mai jin ɗumi, ya yi ɗan tsaga da haƙoransa, sannan ya lashi abin da ya fito. Yawunsa na hana jini daskarewa. In ya sha cokali ɗaya ko biyu ya ƙoshi, sau da yawa dabbar ko farkawa ba ta yi. Charles Darwin ya ba da labarin yadda mai yi masa hidima ya cafke ɗaya a bayan doki da dare kusa da Kokimbo a ƙasar Cile, a tafiyarsa ta shekarun 1830. Abin da dokin ya samu shi ne ɗan kumburi, bayan 'yan kwanaki aka ci gaba da hawansa.

To, ta ina wannan ɗan taliki ya zama dodo? Camfin gawar da ke tashi daga kabari tana shan jinin masu rai tsohon abu ne a ƙauyukan gabashin Turai, kuma babu jemage a cikinsa, tunda mutanen wurin ba su san jemage mai shan jini ba. Masana halittu na ƙarni na 18 ne suka ji labaran matafiya daga Kudancin Amurka suka ari sunan dodon suka laƙa wa jemagu, har da waɗanda ba ruwansu da jini. Wanda ya ɗaure auren shi ne Bram Stoker, marubuci ɗan Ailan, a littafinsa Dracula na 1897. A ciki Dirakula yana rikiɗa ya zama jemage ya zo yana kaɗa fukafukai a tagar wadda yake nema, kuma wani Ba'amurke cikin taurarin labarin ya ba da labarin goɗiyarsa da jemage ya shanye wa jini a filayen Kudancin Amurka. Da kamfanin Universal ya mayar da labarin fim a 1931, ƙarƙashin darakta Tod Browning, sai ga jemagen roba yana lilo a saman dawakan da ke jan keken da ya ɗauko baƙo zuwa fadar Dirakula. Ba a nuna rikiɗar a idon mai kallo ba sai a Son of Dracula na 1943.

Fim ɗin da ya fi kowanne faɗin gaskiya a zamanin nan, a ganina, shi ne The Vampire Bat na 1933, wanda Frank Strayer ya ba da umarni. Shi ma na Layin Talauci ne. Kamfanin Majestic ya yi hayar gine-ginen da Universal ta yi amfani da su a Frankenstein, ya ɗauko Lionel Atwill da Fay Wray da Melvyn Douglas. A wani ƙauye mai suna Kleinschloss ana ta tsintar gawarwaki babu jini a jikinsu, da ƙananan huji biyu a wuya. Dattawan gari suka ce jemagu ne, ko kuma dodon da ke shiga jikin jemage. Akwai wani bawan Allah mai taɓin hankali, Herman, wanda Dwight Frye ya fito a matsayinsa, yana son jemagu, yana sa su a aljihun rigarsa yana shafa su. Wannan kaɗai ya isa hujja. Mutanen gari suka kunna wuta a sanduna suka bi shi har cikin kogo, ya faɗa rami ya mutu, suka kafa wa gawarsa turke a ƙirji don kada ta tashi. Kisa bai tsaya ba. Ashe likitan garin ne, Dakta von Niemann, wanda kowa ke zuwa neman shawara wurinsa, yake tatsar jinin mutane don ciyar da wata tsoka da ya ƙirƙira a ɗakin gwaje-gwajensa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Sunan jemage ne a jikin fasta, amma daga farkon fim har ƙarshensa jemage bai kashe kowa ba.

A shekarun da ake wannan wasan a ƙauyukan katako na Holiwud, jemage na gaske yana kashe mutane a tsibirin Tirinidad, ta hanyar da ba ta da daɗin ɗauka a fim. Daga 1925 shanu suka fara mutuwa da wata shanyewar jiki, daga 1929 ta shiga mutane, gommai suka rasu kafin a shawo kanta. Wani likitan gwamnati ɗan tsibirin, Joseph Lennox Pawan, shi ne ya tabbatar a farkon shekarun 1930 cewa ciwon haukan kare ne, kuma jemagu ne ke yaɗa shi. Haɗarin jemage mai shan jini ke nan har gobe: ƙwayar cutar da yake bari a cikin tsagar, ba jinin da ya sha ba. Makiyayan Latin Amurka suna asarar dubban shanu duk shekara ta wannan hanya. Wanda zai kare jemage ya kamata ya fara da amincewa da wannan.

Sai kuma wani abu da ya faru a zahiri, wanda da marubucin fim ne ya kawo shi da an ce ya zarce. Wani likitan haƙori a jihar Fensilbaniya, Lytle Adams, ya taɓa ziyartar kogunan Carlsbad a jihar Niyu Meziko ya ga yawan jemagun wurin. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, a watan Janairun 1942 ya rubuta wa fadar shugaban ƙasa shawara: a ɗaura wa jemagu ƙananan bama-bamai masu tayar da gobara, a sake su a kan biranen Japan da asuba, su shige ƙarƙashin rufin gidajen katako, lokaci ya yi wuta ta tashi ko'ina. Shugaba Roosevelt ya miƙa takardar ga sojoji. Louis Fieser, masanin da ya jagoranci haɗa sinadarin nafam, shi ya ƙera bam ɗin. An tsara kowane tulu zai ɗauki jemagu fiye da 1,000. A watan Mayun 1943, wajen gwaji, wasu jemagu masu ɗauke da wutar suka kuɓuce suka ƙone gine-ginen wani filin jirgin sojoji a Carlsbad. An soke shirin a 1944 bayan an kashe masa kimanin dala miliyan 2. Dakta Carruthers dai iyalai biyu kawai ya nufa.

A Ingila, kamfanin Hammer ya ci gaba da riƙe jemage a matsayin yaron gidan Dirakula. A Kiss of the Vampire na 1963 wani farfesa ne ya yi tsafi ya kira garken jemagu suka auka wa dodannin masu shan jini su kansu. A Scars of Dracula na 1970 mazan ƙauye sun tafi ƙona fadar Dirakula, suka dawo suka tarar jemagunsa sun hallaka matansu da 'ya'yansu a cocin da suka ɓoye su. Tunanin yana da tayar da hankali, jemagun kuwa da ganinsu ka san roba ne.

Lokacin da aka yi ƙoƙarin ba jemage cikakken matsayi shi ne shekarun 1970, zamanin da kowace dabba ta samu fim ɗinta. Ɓeraye sun samu Willard a 1971, kifin shak ya samu Jaws a 1975 ya tara kuɗin da ba a taɓa gani ba, daga nan kowane furodusa ya bazama neman dabba mai haƙori. Tun kafin Jaws, a 1974, an yi finafinan jemage guda biyu. The Bat People labarin wani likita ne da jemage ya ciza a kogo ya fara rikiɗa. Abin tunawa da shi kawai, yana cikin ayyukan farko na Stan Winston, wanda daga baya ya ƙera dodannin Jurassic Park. Chosen Survivors ya fi shi ma'ana: an kwaso mutane kimanin goma aka zura su a wata maɓoya can ƙarƙashin hamada, aka ce musu yaƙin nukiliya ya cinye duniya, su ne irin da aka ajiye. Ƙarya ce, gwaji ake yi a ga yadda za su jure. Abin da masu gwajin ba su lissafa ba shi ne kogon jemagun da ke maƙwabtaka da maɓoyar.

Babban yunƙurin shi ne Nightwing na 1979. Kamfanin Columbia ya sa kuɗi sosai. Aka ɗauko littafin Martin Cruz Smith na 1977, aka ba Arthur Hiller, daraktan fim ɗin soyayya Love Story, aka ba Henry Mancini kiɗa, aka ba Carlo Rambaldi ƙera jemagun, mutumin da ya yi aiki a King Kong na 1976 kuma zai ƙera E.T. bayan shekara 3. Labarin yana faruwa a yankin 'yan asalin Amurka a hamadar kudu maso yammacin ƙasar. A littafin ƙabilar Hopi ce, a fim aka sauya mata suna zuwa Maski. Jemagu masu shan jini sun hauro daga Meziko ɗauke da annobar nan da ƙuma ke yaɗawa. Wani tsohon boka ya gaji da yadda ake neman haƙar mai a ƙasarsu mai tsarki, ya yi aikin da zai kawo ƙarshen duniya. Wani shugaban al'umma kuma yana ɓoye labarin annobar don kada cinikinsa da kamfanin mai ya lalace. David Warner ya fito a maharbin jemagu wanda ya sadaukar da rayuwarsa ga ƙin su. Duk abin da ake bukata ya haɗu, fim ɗin ya faɗi warwas, masu sharhi suka yi masa ca.

Me ya hana shi zama Jaws? Kifin da darakta Spielberg ya yi amfani da shi a Jaws shi ma na'ura ce mai yawan lalacewa, amma ruwa ya rufa mata asiri, aka ɓoye ta har kusan ƙarshen fim, tsoro ya yi ta taruwa. Jemage ba ya ɓoyuwa haka. Ƙarami ne, baƙi ne, da dare yake fita, kuma tashinsa ba ya bin layi. In ka nuna shi daga nesa ɗigo ne a cikin duhu, in ka matso ka ga ɗan abu mai kunnuwa. In ka tara dubu a fuska ɗaya, mai kallo ba ya ganin komai sai 'yan wasa suna kaɗa hannu suna ihu. Alfred Hitchcock ya samu masu horar da hankaki da tsuntsayen teku a The Birds na 1963, tsuntsayensa kuma da rana tsaka suke sauka ɗaya bayan ɗaya inda kowa ke iya ƙirga su. Jemage bai ba darakta wannan damar ba. Shi ya sa wurin da ya fi tasiri a finafinan ban tsoro na zamanin 'yan daƙiƙoƙi ne kawai: a farkon Cujo na 1983, kare ya bi zomo ya zura kai a rami, jemage ya cije shi a hanci, sauran fim ɗin na karen ne.

Shekara 20 bayan Nightwing aka sake gwadawa da kwamfuta. Bats na 1999, wanda Louis Morneau ya ba da umarni, John Logan ne ya rubuta shi, wanda sunansa zai fito a Gladiator shekara ɗaya bayan nan. Lou Diamond Phillips ɗan sanda ne a wani ƙaramin gari a Teksas, Dina Meyer masaniyar jemagu. Jemagun sun fi ƙarfi, sun fi wayo, suna cin komai, saboda wani masani mai yi wa gwamnati aiki ya sauya musu halitta da gangan. Likitan 1940 ne ya dawo, ya ajiye lantarki ya ɗauki ƙwayar cuta. A Vampire Bats na 2005, fim ɗin talabijin da Lucy Lawless ta ja, dagwalon masana'anta da aka zubar a ruwa ne ya haukata su.

Abin ban dariya, jihar da aka zaɓa wa Bats ita ce ta riga ta yi sulhu da jemagu. Da aka gyara gadar Congress Avenue a birnin Ostin a 1980, ramukan da ke ƙarƙashinta suka yi wa jemagu daidai, suka tare da yawa. Jaridu suka kururuta haukan kare, mutane suka nemi a hallaka su. Merlin Tuttle, wanda ya kafa ƙungiyar kare jemagu ta Bat Conservation International a 1982, ya kwashe ofishinsa ya koma birnin a 1986, ya yi ta bin mutane yana bayani. Yau gadar tana ɗaukar jemagu har miliyan ɗaya da rabi a lokacin zafi, 'yan yawon buɗe ido suna cika ta da magariba don kallon fitowarsu. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2011 ya ƙiyasta cewa ƙwarin da jemagu ke cinyewa suna rage wa manoman Amurka asarar aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara. Su kansu masu shan jinin an gano suna da zumunci: Gerald Wilkinson ya nuna a 1984, daga aikinsa a Kosta Rika, cewa wanda ya ƙoshi yakan amayo wa wanda ya kwana da yunwa, domin in ɗayansu ya yi kamar dare uku bai ci ba mutuwa zai yi. Wannan kusancin ne ma aka mayar musu makami. Tun shekarun 1970 ake kama 'yan kaɗan a shafa musu guba a baya a sake su, 'yan uwansu su lashe wajen gyara musu jiki su mutu. Binciken da Daniel Streicker ya jagoranta a Feru, wanda aka buga a 2012, ya nuna wannan kisan bai rage yaɗuwar cutar a cikinsu ba.

Ba adalci ba ne a ɗora wa finafinai duk ƙiyayyar da ake yi wa jemage. Mutane sun tsargu da shi tun kafin a ƙirƙiro kyamara, cututtukan da yake iya ɗauka kuma ba tatsuniya ba ce. Abin da finafinan suka yi shi ne sun ba tsoron fuska ɗaya, suka sa wa nau'i 1,400 rigar guda 3. Fim ɗin da ya fi kusa da yadda abin yake ba ya ma cikin jerin finafinan jemagu. Contagion na Steven Soderbergh, 2011, ya bi wata annoba tana cin miliyoyin mutane, sai a mintunan ƙarshe ya nuna mafarinta: motar rusau ta wani kamfani ta ture bishiyoyi, jemage ya tashi ya rasa masauki, ya yar da guntun ayaba a garken aladu, alade ya ci, mai dafa abinci ya taɓa naman ya gaisa da wata baƙuwa bai wanke hannu ba. An gina wannan a kan cutar Nipah da ta ɓulla a Malesiya a 1998 zuwa 1999, ta kashe mutane fiye da 100, aka hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya kafin a tsayar da ita.

Da korona ta rufe duniya a 2020, mutane suka koma kallon Contagion da yawa, sunan jemage kuma ya cika bakuna. A watan Maris na shekarar, a ƙauyen Culden da ke yankin Kajamarka a Feru, mutane suka kai wa jemagun wurin hari da wuta, a zatonsu su ne ke kawo cutar. Hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta ƙasar ta ceto kimanin 200 ta kai su wani kogo nesa da gari, ta kuma fitar da sanarwa tana roƙon jama'a su daina, tana mai cewa waɗanda aka ƙona masu cin ƙwari ne, har da sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi.